Ayarin Ƙwayoyin Ayon: Matsalar Sufuri a Cikin Kwamfutar Kwantam

 

Abin da muka ɗauko mu tattauna a kai yau shi ne na'urar nan da ake kira kwamfutar kwantam. Duk mai bin labaran duniya ya sha jin sunanta, amma galibi abin da jaridu ke kawowa ƙidaya ce kurum: kamfani kaza ya kai adadi kaza, wancan ya zarce shi da kaza. Mu kuwa so muke mu leƙa wani lungu da ba a cika leƙawa ba, watau sha'anin sufuri a cikin na'urar. Akwai wani jinsi na wannan kwamfuta wanda ma'ajiyar bayaninsa ƙwayoyin zarra ne guda-guda, a rataye a sarari, kuma kafin a yi lissafi da su dole a ɗauke su daga wannan wuri a kai su wancan. Ra'ayin da za mu kare a gabanku shi ne, makomar wannan jinsi ta rataya a kan hanya da mararraba da tsawon lokacin tafiya, fiye da yadda ta rataya a kan lissafin kansa.

Bari mu fara daga tushe. Kwamfutar da muka saba da ita tana ajiye kome da kome cikin bit, wanda ko dai 0 ne ko 1. Ta kwantam kuwa tana aiki da kiyubit, wanda ke iya zama gaurayen 0 da 1 a lokaci guda, muddin ba a auna shi ba. Da zarar an auna shi, gaurayen ya rushe, sai a sami ɗaya daga cikin biyun. Har wa yau, kiyubit biyu suna iya sarƙewa da juna ta yadda ba a iya bayyana halin ɗaya sai an haɗa da na ɗan'uwansa. A 1994 wani masanin lissafi, Peter Shor, ya nuna cewa na'ura irin wannan, idan ta girma, za ta iya warware manyan lambobi zuwa ga waɗanda aka ninka aka same su, cikin lokacin da kwamfutar yau ba ta ko mafarkinsa. Wuyar wannan lissafi kuwa ita ce makullin da ke tsare sirrin bankuna da wasiƙun gwamnatoci a intanet. Tun daga nan hankalin manyan ƙasashe ya komo kan al'amarin.

Amma fa akwai wata ƙa'ida da ta sa kiyubit ya zama kaya mai wuyar ɗauka. A 1982 William Wootters da Wojciech Zurek, da kuma Dennis Dieks a nasa ɓangaren, suka tabbatar da cewa ba shi yiwuwa a kwafi kiyubit wanda ba a san halinsa ba. Kwamfutar gida, in tana son kai bayani wani wuri, karanta shi take yi ta aika da kwafinsa ta waya, na asali yana nan inda yake. Ga kiyubit, karantawa ɓarna ce, kwafi kuma haramun ne a dokar halitta. Saboda haka in ana son kiyubit biyu da ke nesa da juna su yi aiki tare, sai dai a yi ta miƙa halin ɗaya daga maƙwabci zuwa maƙwabci, kowace miƙawa da kuskurenta, ko kuwa a ɗauki ma'ajiyar ɗungurungum a kai ta inda ake bukata. Wannan hanya ta biyu ita ce batunmu.

To, mene ne ayon? Ƙwayar zarra ce da aka fizge wa ilektaron guda, ta zama mai cajin lantarki. Da yake tana da caji, ƙarfin lantarki yana iya tura ta ko ya jawo ta ba tare da wani abu ya taɓa ta ba. Sai dai tun 1842 Samuel Earnshaw ya nuna cewa ƙarfin lantarki mai tsayawa cik ba ya iya tsare abu mai caji a wuri guda: in ya matse shi ta gabas da yamma, to, ya buɗe masa ƙofa ta kudu da arewa. Ku ɗauka an aza ƙwallo a tsakiyar sirdi. Gaba da baya akwai tudu, amma hagu da dama gangare ne, nan take zai mirgine. In kuwa ana juya sirdin da sauri, kafin ƙwallon ya bi gangare tudu ya riga ya zo gabansa, sai ya zauna a tsakiya yana 'yar rawa. Wannan ita ce dabarar da Wolfgang Paul na Jami'ar Bon a Jamus ya fito da ita cikin shekarun 1950, sai dai maimakon juya sirdi, ƙarfin lantarkin ake sauyawa sau miliyoyi a sakan guda. Ita ake kira tarkon Paul, kuma a kanta ya sami rabo a kyautar Nobel ta 1989. Ana ajiye tarkon cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa sarai, a sanyaya ayon da hasken leza har ya kusa daina motsi.

A 1995 Ignacio Cirac da Peter Zoller na Jami'ar Insburuk a Ostiriya suka bayyana yadda za a mai da wannan tarko kwamfuta. Ƙwayoyin ayon da aka zuba a tarko mai tsawo sukan jeru kamar tsakiyar dutse a zare, tsakanin kowane biyu 'yan maikiromita kaɗan. Maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin mutum kuwa ya kai gommai daga cikinsu. Kowane ayon yana riƙe da kiyubit guda a cikin matakan ƙarfinsa na ciki. Da yake duk cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna, saboda haka in ɗaya ya motsa sauran sun ji. Wannan jijjiga ta tarayya ita ce igiyar da leza ke bi ta sarƙe kiyubit biyu. Shekarar ba ta ƙare ba sai da Christopher Monroe da David Wineland da abokan aikinsu suka gwada aikin lissafi na farko da ayon guda na beriliyam, a ɗakin bincike na hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, da ke garin Bolda a jihar Kolorado.

Ina matsalar take? Tana wajen tsawon jerin. Ayon guda yana iya jijjiga ta fuska uku. Jerin guda goma yana da salon jijjiga 30, na guda ɗari yana da 300, kuma yawan salon yana sa su cunkushe kusa da juna, har leza ta kasa taɓa ɗaya ba ta tayar da na kusa da shi ba. In ana son kauce wa haka sai a rage saurin aiki, jerin kuma yana ƙara laushi yana ƙara jin kowace hayaniya ta lantarki. Jeri guda yana iya ɗaukar 'yan gommai, amma na'ura mai amfani tana bukatar dubbai, watakila miliyoyi.

Mafitar da mutanen Bolda suka kawo, wadda David Kielpinski da Monroe da Wineland suka shimfiɗa a mujallar Nature a 2002, ita ce a daina tara kowa a ɗaki guda. A gina tarko mai zango-zango: ga zangon ajiya, ga zangon lissafi inda leza ke haskawa, ga zangon aunawa, ga hanyoyi da suka haɗa su. In ana son kiyubit biyu su yi aiki, a kawo su zangon lissafi su biyu kaɗai, a gama, a mai da kowa masaukinsa. Suka laƙaba wa tsarin suna QCCD, suna kwatanta shi da CCD, ɗan allon nan na kyamara da aka ƙirƙira a 1969, wanda ke tura caji daga gurbi zuwa gurbi har ya kai bakin allo. Yadda ake tafiyar kuwa shi ne, an jera ƙananan fallayen ƙarfe a gefen hanya, kowanne da ƙarfin lantarkinsa. Su ne ke yin ɗan kwarin da ayon ke zaune a ciki. In aka rage ƙarfin fallen gaba aka ƙara na baya, kwarin ya matsa, ayon kuma ya bi shi. A 2006 NIST ta nuna cewa ana iya shimfiɗa fallayen duka a fuskar ɗan allo guda, ayon yana shawagi kamar maikiromita 40 a samansa. Wannan ya buɗe ƙofar ƙera tarko da irin injunan da ake ƙera allunan kwamfuta.

Mai tambaya zai ce, ashe ba an ce kiyubit ba ya son taɓi ba, yaya za a yi ta yawo da shi bai lalace ba? Amsar ita ce, ƙarfin lantarkin da ke tura ayon cajinsa yake kamawa, bayanin kuwa yana can ciki, a wurin da wannan ƙarfi bai cika isa ba. Abin da ke isa can shi ne ƙarfin maganaɗisu, wanda kan bambanta daga zango zuwa zango, shi ya sa ake zaɓen matakan ciki waɗanda ba su cika jin maganaɗisu ba, sauran ɗan bambancin kuma a auna shi a gyara. Ma'ajiyar tana da ƙarko ƙwarai: a 2021 masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta birnin Beijin suka ba da rahoton ayon guda na itabiyam wanda ƙarkon bayaninsa ya haura sa'a guda. Abin da tafiya ke ɓatawa shi ne natsuwar ayon. Lissafi tsakanin kiyubit biyu yana tafiya ne a kan jijjiga, saboda haka yana bukatar ƙwayoyin su iso a natse. Wanda ya iso yana kaɗawa zai jawo kuskure.

Kowa a cikinmu ya ga mai tallar nono da ƙwarya cike a ka. In ta zabura, nono ya fantsama. In ta tsaya kwatsam, haka. Ayon a cikin kwarinsa haka yake, yana kai da komowa sau miliyan ɗaya ko biyu a sakan. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi sannu. A 2002 Mary Rowe da abokan aikinta a NIST suka kai ayon na beriliyam tsakanin zango biyu masu nisan milimita 1.2 cikin maikirosakan 50, watau kashi 50 cikin miliyan na sakan. Sun maimaita tafiyar fiye da sau miliyan a jere bai ɓace ba, bai yi wani zafi ba, bayaninsa kuma yana nan. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma wannan daɗewa ita ce damuwar. Saboda haka aka nemi yadda za a yi sauri ba tare da fantsama ba. Dabarar ita ce a bar ayon ya kaɗa a kan hanya, amma a daidaita lokacin tsayawa ya faɗo daidai sa'ad da kaɗawar ta komo mafarinta, tsayawar ta shanye abin da tashin ya haifar. A 2012 ƙungiyoyi biyu suka cim ma haka. A Bolda an yi maikiromita 370 cikin maikirosakan 8, a Jami'ar Mayins ta Jamus kuma an kai ayon na kalsiyam maikiromita 280 cikin maikirosakan 3.6. Duka biyun, jijjigar da ta ƙaru ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na mataki guda ba, mataki kuwa shi ne mafi ƙanƙantar ƙarin jijjiga da dokar kwantam ta yarda da shi. A shekarar ce kuma Wineland ya raba kyautar Nobel da Serge Haroche na Faransa.

Tafiya a miƙe ita ce mai sauƙi. Akwai raba ƙwayoyi biyu da ke kwari guda, da haɗa waɗanda ke rabe, da juya biyu su yi musayar wuri. Rabawa ta fi su wuya. Dole a tayar da tudu a tsakiyar kwarin har ya zama kwari biyu, kuma a daidai lokacin da tudun ke tasowa, gindin kwarin yakan baje, riƙon ya yi sako-sako. A wannan ɗan taƙin, ƙanƙanen karkacewar lantarki ya isa ya jefa ƙwayoyin biyu gefe guda, ko ya girgiza su. Shi ya sa ake bukatar a san ƙarfin kowane falle daidai wa daida, a kuma riƙa sake aunawa a kai a kai.

Sai mararraba. In hanya ɗaya ce tak, na ƙarshen layi ba zai sadu da na farko ba sai ya yi musayar wuri da duk waɗanda ke tsakani, ɗaya bayan ɗaya. Mararraba ke ba da damar wani ya ratse gefe wani ya wuce. Amma ku tuna sirdin da muka ambata: an tsara shi ne don miƙaƙƙiyar hanya. Inda hanyoyi suka gamu, tsarin fallayen ya karye, sai waɗansu tuddai na ƙarfin lantarki su tsiro a bakin kowace ƙofa. Ayon sai ya hau su ya gangara, kuma a kan gangaren ne duk wata hayaniya da ke cikin lantarkin ke shigarsa ta zama jijjiga. A 2006 ƙungiyar Monroe a Jami'ar Mishigan, da Winfried Hensinger a cikinsu, ta fara karya kwana da ayon na kadmiyam a mararraba mai ƙafa uku. Ya wuce, amma ya fito da zafi mai yawa. A 2009 Brad Blakestad da abokansa a NIST suka ratsa mararraba mai ƙafa huɗu da ƙarin jijjiga na 'yan matakai kaɗan, zuwa 2011 kuma suka rage shi ƙasa da mataki guda. Ku lura da tsawon lokacin: shekara tara daga shimfiɗa tsarin zuwa ratsa mararraba guda a natse.

Ko ba a tafiya ma, akwai wani zafi da ke tasowa daga fuskar fallayen kansu. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa in aka rage nisan ayon da ƙarfe da rabi, hayaniyar takan ninka kamar sau 16. Ga shi kuwa ƙanƙanta tarko ita ke kawo sauri da yawan zango. Ana rage wannan zafi ta hanyar sanyaya allon ƙwarai da gaske, ko ta goge fuskarsa: a 2012 NIST ta yi wa wani tarko ruwan ƙwayoyin ayon na iskar agon, hayaniyar ta ragu kamar sau ɗari. Duk da haka sai an sake sanyaya matafiyi bayan ya iso. Nan ma da ƙulli, domin sanyayawa da leza tana nufin ayon ya yi ta haɗiye haske yana fitarwa, wannan kuwa daidai yake da auna shi, bayanin ya tafi ke nan. Maganin da aka samo shi ne a haɗa kowane ayon mai bayani da abokin tafiya na wani jinsi, wanda launin hasken da yake ji daban ne. Leza ta sanyaya abokin, shi kuma ya janye zafin ɗan'uwansa ta hanyar turin da ke tsakaninsu. A 2009 Jonathan Home da abokan aikinsa a NIST suka haɗa duk waɗannan a gwaji guda, beriliyam na ɗauke da bayani, magniziyam na yi masa fifita.

Yanzu bari mu dubi inda aka kai. A 2021 kamfanin Honeywell ya bayyana cikakkiyar na'ura a kan wannan tsari, da itabiyam mai bayani da bariyam mai sanyayawa. A shekarar ce sashen ya haɗu da Cambridge Quantum suka zama Quantinuum. A 2023 suka fito da H2, wadda hanyarta zagaye ce kamar filin sukuwa, da kiyubit 32, suka kai ta 56 a 2024. A Nuwamban 2025 suka ƙaddamar da Helios mai kiyubit 98 na bariyam, wadda ke da zoben ajiya da mararraba mai rarraba ƙwayoyi zuwa zangon lissafi. Ribar wannan wahala a fili take. A kwamfutar kwantam ta Google ta 2019, mai kiyubit 53 da aka ƙera a manne a allo, kowanne ba ya magana sai da maƙwabtansa da ba su wuce huɗu ba. A nan kuwa kowane kiyubit yana iya saduwa da kowane. Ana kuma iya janye guda gefe a auna shi ba tare da haskensa ya dami saura ba, abin da gyaran kuskure ba ya yiwuwa sai da shi. A Afrilun 2024 Microsoft da Quantinuum suka sanar da cewa sun ɗaure kiyubit 30 na H2 suka fitar da amintattu guda 4, waɗanda kuskurensu a wani gwaji ya gaza na asali har sau 800.

To, ga kuɗin da ake biya. Da masu H2 suka fitar da lissafin yadda lokacin na'urar ke tafiya, sai ya bayyana cewa sufuri da sanyayawa ne ke cinye mafi yawansa, ainihin lissafin kuwa ɗan kaso ne ƙanƙane. Watau na'urar ta fi daɗewa a hanya da wurin hutawa fiye da wurin aiki. Domin mu ga nauyin wannan, mu ɗauki misali. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå suka ƙiyasta cewa kiyubit miliyan 20 za su karya makullin RSA mai bit 2048 cikin sa'a 8, bisa sharaɗin cewa kowane zagaye na gyaran kuskure maikirosakan 1 ne. Mu ƙaddara wata na'ura ce da zagayenta ya ninka haka sau dubu, saboda jiran matafiya. Sa'a 8 ta zama sa'a 8,000 ke nan, kusan wata 11. Gaskiya ne ƙarancin kuskuren ayon da saduwar kowa da kowa suna rage yawan kiyubit da yawan matakan da ake bukata, amma ragin sai ya yi yawa kafin ya biya bashin ninki dubu. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ce makomar jinsin tana kan hanya.

Bayan lokaci, akwai matsalar wayoyi. Kowane zango yana da fallaye kamar goma, kuma a tsarin farko kowane falle da tasa wayar da ke ratsa bangon akwatin zuwa nata injin ba da ƙarfi a waje. In ƙwayoyi ɗari sun ci ɗaruruwan wayoyi, miliyan fa? Babu bangon da zai ɗauke su. Saboda haka ake ɗaure fallaye da yawa a kan waya guda, ta yadda sigina ɗaya ke tafiyar da ayari gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a lanƙwasar hanyar H2. A 2023 kuma masu bincike na kamfanin Oxford Ionics suka zana tsarin da ke sa ƙananan makunnai a cikin allon kansa, suka nuna a lissafi cewa kiyubit 1,000 za su iya tafiya da sigina kamar 200. Sai dai duk wanda ya shiga ayari ya bar zaɓen lokacin tashinsa, dole ya jira a tafi tare, jira kuwa lokaci ne.

Allo guda ma yana da iyaka, saboda haka tilas wata rana a haɗa allo da allo. A 2023 ƙungiyar Hensinger, wanda ya koma Jami'ar Saseks a Ingila, ta jera alluna biyu dab da juna ta riƙa tsallakar da ayon daga wannan zuwa wancan, sau 2,424 a sakan, da nasarar da ta kai kashi 99.999993 cikin ɗari, bayanin kuma bai lalace ba. Waɗansu kuwa cewa suka yi a bar ayon a gida a aiki haske. A 2007 aka sarƙe ƙwayoyin itabiyam biyu a Mishigan, a akwatuna dabam-dabam masu nisan mita guda, ta hanyar ɗigon hasken da kowanne ya fitar, a 2025 kuma Jami'ar Oksfod ta gudanar da lissafi guda a kan na'urori biyu da zaren haske ya haɗa. Cikas ɗin wannan hanya shi ne yawancin ɗigon hasken ɓacewa suke yi, sai an yi ta maimaitawa. Akwai kuma masu son kawar da mararraba gaba ɗaya. A 2024 ƙungiyar Home a babbar makarantar fasaha ta ETH da ke Zurik a Suwizalan ta maye gurbin lantarki mai sauyawa da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 3, ta tafi da ayon duk inda ta ga dama a saman allo, ba tare da bin shataccen titi ba. Kowace daga cikin hanyoyin nan amsa ce ga tambaya guda: yaya kiyubit biyu da ke nesa za su sadu da wuri, a natse?

Jama'a, me ya shafe mu a ciki? Abu biyu. Na farko ya shafi ma'aikatan da ke cikinmu da waɗanda za su shiga aiki gobe. Saƙon da aka kulle yau ana iya sace shi a ajiye, a jira ranar da na'urar buɗe shi za ta samu. Saboda wannan tsoro ne NIST, hukumar nan da ta yi da yawa daga cikin gwaje-gwajen da muka lissafa, ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle bayani guda uku a Agustan 2024, waɗanda aka gina a kan lissafin da dabarar Shor ba ta warwarewa. Sauya makullan ma'aikata ko banki aikin shekaru ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai ba shugabansa shawara a kan wannan yana bukatar ya iya tantance labari. In ya ji an ce wata na'ura ta kai kiyubit kaza, ya tambaya: kuskure nawa take yi cikin aiki dubu? Wane kiyubit ke iya saduwa da wane? Zagaye guda yana cin lokaci nawa, kuma nawa ne a ciki ya tafi a hanya? Waya nawa ke shiga akwatin? Amsoshin nan huɗu sun fi ƙidayar kiyubit faɗin gaskiya.

Na biyu ya shafi mu ɗalibai. Mukan ɗauka cewa ilmin kwantam na waɗansu tsirarun masu baiwa ne. Amma ku dubi ayyukan da suka rage a wannan fage: injin da zai ba da ƙarfin lantarki mai tsabta ya kuma sauya shi cikin ƙiftawar ido, tsarin fallayen da zai rage tuddan mararraba, gogaggen ƙarfe marar hayaniya, da lissafin da zai tsara wa ɗaruruwan matafiya hanya mafi gajarta ba tare da sun yi karo ko cunkoso ba. Waɗannan aikin injiniyan lantarki ne, da masanin ƙarafa, da mai ilmin lissafi, da mai rubuta manhajar kwamfuta. Tushensu kuwa shi ne darussan da muke zama a kansu a aji ɗaya da aji biyu, irin su dokar Coulomb ta turi tsakanin caji biyu, da lissafin abu mai lilo, waɗanda wani lokaci mukan haddace domin jarrabawa kawai. Ayon da aka kai maikiromita 280 cikin maikirosakan 3.6 ya iso a natse ne domin wani ya san lissafin lilo sani na haƙiƙa. Muna roƙon 'yan'uwa mu riƙe waɗannan darussa da muhimmancin da ya dace da su.

Shugaban zama, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.